Baturiyar Garejin Irmiya Ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya rasa wurin zama, iyalan Irmiya Istifanus, bakaniken manyan injinan dizal da ke Tudun Wada a birnin Sakkwato, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da direbobin manyan motoci, da manoman fadamar Rima, rasuwar na'urarsu ta gwajin inji, wadda kowa ya fi sani da Baturiya. Ta cika ranar Lahadi, shida ga watan Afrilu na shekarar 1997, tsakanin azahar da la'asar, a ƙarƙashin randar ruwan gidan, bayan gajeruwar rashin lafiya wadda daga baya aka gane ba ita ke fama da ita ba. Ta rasu tana da shekara shida a hannun Irmiya. Shekarunta na can ƙasarsu kuwa ba wanda ya sani, don ba ta taɓa faɗa ba.

Ga wanda bai yi sa'ar saninta ba, marigayiyar baƙa ce, gajera, mai kauri, girmanta bai wuce littafin waƙoƙin majami'a ba. Tana da fuskar gilashi kore, da maɓallai goma sha shida, da doguwar wutsiya ta waya. Injinan zamanin nan suna da ƙwaƙwalwa, kuma ba sa gaya wa kunnen bakanike ciwonsu kamar na da. Sai an soka wutsiyar Baturiya a jikinsu, ita ta tambayi ƙwaƙwalwar, sannan ta rubuto amsa a fuskarta: zafin ruwa kaza, ƙarfin mai kaza, zafin iskar da inji ke shaƙa kaza. A duk faɗin Sakkwato, daga Gawon Nama har ƙetaren gada, ita kaɗai ce mai jin wannan yare.

Irmiya ya shigo garin nan a 1975, lokacin da man fetur ya sa kowa ke ganin gobe ta fi yau. Ya taso daga wani ƙauye kusa da Kafanchan da jakar buhu da sifana biyu, ya kama aiki a wani kamfanin Turawa masu gina hanyoyi da madatsun ruwa. Shekara goma sha shida ya yi ƙarƙashin wani injiniya da ma'aikata suka laƙaba wa Mai Lofe, mutum mai yawan faɗa da yawan gumi. Duk watan Afrilu sai rana ta kayar da shi. Irmiya ya sha ganinsa kwance a bayan kantar ofis, fuska jajir, haƙora na kaɗawa wai sanyi yake ji, an jiƙa tawul an lulluɓe masa kai, kuma kafin yamma ya miƙe ya ci gaba da zagin mutane. A riƙe wannan a rai, don za a dawo kansa. Da al'amura suka juya, sojoji suka yi ta karɓar mulki daga hannun sojoji, aiki ya tsaya, kamfanin ya naɗe kayansa a 1991. Ranar tafiya Mai Lofe ya kira Irmiya, ya miƙa masa na'urar cikin akwatinta, da littafinta, ya buga masa kafaɗa ya shiga mota. Daga ranar aka fara ce mata Baturiya.

Halayenta na kirki ba sa ƙirguwa. Ba ta shan mai, a zamanin da mutum ke kwana uku a layi ya dawo da galan wayam. Ba ta taɓa cewa a dawo gobe ba. In an tashe ta sai ta ce “tit-tit,” a hankali, kamar mai sallama a ƙofar da ba ta saba shiga ba. In ta gano ciwo sai ta ja “tiiiit” ɗaya mai tsawo, duk garejin ya yi tsit. Ba ta san babba ba, ba ta san ƙarami ba. Alhaji Maigandi, mai tirelar ɗaukar albasa zuwa kudu, shaida ne. Makanikai uku sun riga sun yanke wa motarsa hukuncin a sauke inji gaba ɗaya, Baturiya ta duba minti biyu ta nuna wani ɗan fulogi da ya yi tsatsa, aka goge shi, motar ta tafi Onitsha ta dawo. Tun daga nan makanikan uku ba sa gaida Irmiya da kyau, shi kuwa bai damu ba, don ya daina zama bakanike a bakin mutane, ya koma Injiniya.

Shi ma ya riƙe ta da amana, har ya so ya wuce gona da iri. Ba ya taɓa ta sai ya wanke hannu da omo. In za su fita aiki, a gabansa take zama a kan besfa, a naɗe cikin tawul, ya riƙa kauce wa ramukan da ba ya kauce musu in matarsa ce a baya. Matar, Rifkatu, malamar firamare ce a Gidan Igwai, ta lura da wannan ta kuma haƙura, don ta san abin da ke kawo tuwo gidan. Littafin na'urar kuwa, da yake da Jamusanci aka rubuta shi, Irmiya ya ɗinka masa rigar fata, ya ajiye shi a ƙasan akwatin ƙarfe tare da takardar aurensu da ta baftismar yara. Ya ce abu mai daraja irin wannan ba a buɗe shi da hannun baƙin mai, kuma ko an buɗe wa zai karanta? Shekara shida littafin yana kwance lafiya lau, ko shafi ɗaya bai lanƙwashe ba.

Yanzu ga yadda ciwon ajali ya faro, kuma masu sanarwa sun yi alkawarin ba za su ɓoye komai ba.

A ƙetaren gada akwai wani inji mai jan ruwa daga kogin Rima. Ɗan gida ɗaya ne da marigayiya, kamfani ɗaya ya kawo su. Gidaje ashirin da uku na manoman shinkafar rani suka haɗa hannu suka saye shi a gwanjo, suka ɗora shi bakin ruwa, suka naɗa Malam Audi shugabansu. Audi dattijo ne marar yawan magana, abokin Irmiya tun zamanin da yake kai wa ma'aikatan kamfani fura. Ranar rabon fili shi ya zaɓi fangulan ƙarshe, mafiya nisa da kogi, don kada wani ya ce shugaba ya ci gaban ruwa. Bana shinkafar ta yi kyau irin wanda aka daɗe ba a gani ba, kuma a makon jiya ta yi ciki. Manomi ya san abin da wannan ke nufi. Shinkafa mai ciki in ta rasa ruwa kwana kaɗan, kan zai fito fari fat ba ƙwaya, aikin wata uku ya zama abincin shanu.

Ranar Juma'a da safe injin ya fara tari. Hayaƙi baƙi ƙirin ya riƙa fita, wata jar fitila ta kama a jikinsa, ƙarfinsa ya ragu da rabi, ruwan da ke cika hanya ya koma ɗan siriri yana rarrafe. Ga shi yana zuƙar dizal kamar an huda tankin, alhali ganga biyu kacal manoman suka samu da ƙyar, su ne za su kai su girbi. Audi ya hau keke cikin ranar nan ya zo Tudun Wada. Irmiya ya wanke hannu, ya naɗe Baturiya, suka tafi.

Ya soka wutsiyarta, ta ce “tit-tit,” sannan ta ja “tiiiit.” Ya duba zafin ruwa, daidai. Ya duba ƙarfin mai, daidai. Ya zo kan zafin iskar da inji ke shaƙa, sai ya ga ta rubuta arba'in, da ɗan layi a gabanta. Ya goge gilashin da gefen riga, layin yana nan. Wato arba'in ƙasa da sanyin da ke mayar da ruwa ƙanƙara. A Sakkwato. A watan Afrilu. A ranar da ƙadangare ke gudu da ƙafa uku, da sifanar da aka bari a rana ba ta ɗaukuwa sai da tsumma.

Audi ya leƙo ta bayan kafaɗarsa ya ce, “Injiniya, mi tac ce?”

Irmiya ya ce masa ta ce ana sanyi. Audi ya dubi sama, ya dubi Irmiya.

A yi wa mai gareji adalci, bai zauna ba. Akwai wani ɗan ƙarfe da makanikai ke kira sensa, bai fi ɗan yatsa ba, yana zaune cikin bututun da inji ke shaƙar iska. Aikinsa ya ji zafin iskar ya aika wa ƙwaƙwalwa ta waya, ita kuma ta auna man da za ta zuba. In an ce mata ana sanyi sai ta ƙara mai, shi ya kawo hayaƙin nan. Irmiya ya kwance sensar, ya wanke ta da fetur, ya mayar. Arba'in da layi. Ya fitar da filtar iska ya kakkaɓe. Arba'in da layi. Ya karɓi kofin shayin Audi yana tururi, ya tsoma kan sensar ciki da wayarta a jiki, yana kallon fuskar Baturiya ko za ta motsa. Ko gezau. Ranar Asabar ya dawo da sabuwar sensa ful, wadda Mai Lofe ya bari a aljihun akwati, ya ɗaura. Ya goge kawunan batir, ya hura fulogi, ya matse, ya sassauta, ya sake matsewa. Arba'in da layi, kamar an rubuta da ƙusa. Ya so ya gwada ta a jikin wani inji don ya san ko ita ce ko shi ne, amma duk motocin da ke jin yarenta suna can layin mai a Kaduna, har da ta Alhaji Maigandi, garejin kuwa mako biyu ba abin da ke shiga sai awaki.

A nan ne tunaninsa ya karkace. Tsohuwar sensa ba ta da laifi, sabuwa ba ta da laifi, to saura wa? Ya taɓa bayan Baturiya ya ji zafi rau, don kwana biyu tana aiki cikin rana. Jiki da zafi, baki na cewa sanyi. Duk wanda ya yi renon yaro a ƙasar nan ya san sunan wannan. Ya tuna Mai Lofe a bayan kantar ofis yana kaɗa haƙora. Abin ya zauna masa daram: Baturiya ce, rana ce ta kayar da ita, zazzaɓi ne ke sa ta sambatu. Da ya tsaya ya tambayi kansa yadda mai sambatu ke faɗin zafin ruwa daidai da ƙarfin mai daidai, ta kuma ruɗe a abu ɗaya tak, da yau ba a rubuta wannan takarda ba. Amma mutumin da ya kwana biyu yana kallon ruwa na janyewa daga gonar abokinsa ba ya tsayawa tambayar kansa komai.

Ranar Lahadi da safe, suna shirin tafiya sujada, ya fito da ita daga akwati ya ce wa matarsa, “Maman Dorcas, taɓa ki ji. Zazzaɓi ne.”

Rifkatu ta taɓa. Mace ce da ta raini 'ya'ya biyar, kowannensu ta sauke masa zazzaɓi da hannunta, ba ta taɓa rasa ko ɗaya ba. Ita da ta yi makaranta, ita da ke koya wa yara kada su taɓa rediyo da jiƙaƙƙen hannu, ba ta ce masa ya dakata ba. Ta ga idon mijinta, ta ɗauko daro, ta jiƙa tsohon zanenta, ta matse shi sama-sama yadda take yi wa yara don sanyin ya daɗe. Shi ya riƙe, ita ta naɗe. Suka kwantar da marar lafiya a wuri mafi sanyi a gidan, kan jiƙaƙƙen yashin da ke ƙarƙashin randa, inda ake ajiye goron baƙi. Irmiya har ya gyara mata kwanciya. Suka kulle gida suka tafi, ya kuma roƙa mata sauƙi a cikin addu'arsa, a ɓoye, don kada dattawan majami'a su ji.

Randar tana tsattsafo, kamar yadda kowace randar kirki ke yi. Sujadar ta yi tsawo, aka yi taron dattawa bayanta. Sai bayan azahar suka dawo. Irmiya ko takalmi bai cire ba ya durƙusa ya warware zanen, ya ji jikinta ya yi sanyi ƙalau, har ya yi murmushi ya ce zazzaɓin ya sauka. Ya danna maɓalli. Ta ce “tit,” guda ɗaya, ba ta kai ga na biyun ba. Fuskarta ta yi haske kore na ɗan lokaci, raɓa kwance a cikin gilashin, sai wani ɗan wari ya tashi kamar an ƙona gashi. Shi ke nan.

Ya girgiza ta, ruwa ya ɗigo ta wutsiya. Ya shanya ta a kan kwanon ɗaki, a cikin ranar nan da ya so ya ɓoye ta daga gare ta. Da la'asar ya ruga da ita Gidan Igwai wurin Lawali mai gyaran rediyo, wanda aka ce ko rediyon da ya faɗa rijiya yana tayarwa. Lawali ya buɗe cikinta, ya sa tabarau, ya daɗe yana dubawa, sannan ya mayar da ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya miƙo ta da hannu biyu. Ya ce zuciyarta ta ƙone, kuma irin wannan zuciya ko Kano ba a sayar da ita. Bai karɓi ko godiya ba.

Abin da ya fi mutuwar ciwo ya zo ranar Litinin. Da sassafe Rifkatu ta buɗe akwatin ƙarfe ta ciro littafin, ba don tana jin Jamusanci ba, sai don ta rasa abin yi da hannunta. Tana buɗa shafuka har ta kai na sittin da ɗaya. Ga arba'in, ga ɗan layi a gabanta, ga kuma zanen waya a gefe, an zana ta a tsinke, da kibiya tana nuna wurin tsinkewar. Ko ɗan aji biyu zai gane. Ashe haka ƙwaƙwalwar inji take: in saƙon sensa ya daina iso mata gaba ɗaya, sai ta ɗauka sanyi ya kai maƙura. Baturiya ba sambatu take yi ba. Kwana biyu tana faɗa da iyakar yarenta cewa waya ta tsinke, waya ta tsinke, aka saka mata da jiƙaƙƙen zane.

Irmiya ya kalli zanen, ya tashi ya hau besfa ba tawul a gabansa. A fadama ya kwanta rigingine ƙarƙashin injin, ya bi wayar sensar da yatsunsa kamu bayan kamu, yadda yake yi kafin ya zama Injiniya. A can ƙasan ƙarfen da injin ke zaune ya same ta. Manoma sun saba ajiye ƙwaryar ƙuli-ƙulinsu a inuwar wurin, gafiya ta biyo ƙamshi, ta gama da ƙulin ta ɗanɗana waya. Haɗa ta bai ɗauke shi lokacin ɓare goro ba.

Hayaƙin ya ragu, amma jar fitilar ba ta mutu ba, ƙarfin bai dawo ba. Ƙwaƙwalwar wannan inji tana da riƙo. In ta ga laifi sai ta ƙulle shi a ranta, ta ci gaba da tafiya da rabin ƙarfi har sai an zo an gaya mata ya wuce, kuma bakin Baturiya kaɗai take yarda da shi a duk jihar nan. Irmiya ya cire batir ya mayar, ya bar shi a cire har rana ta karkata, ya mayar. Ya lallashi injin, ya zage shi da Hausa, ya zage shi da irin zagin Mai Lofe. Fitilar tana nan ja. Dizal kuwa hayaƙin kwana uku ya lashe shi, abin da ya rage bai kai rabin ganga ba, na 'yan bumburutu kuma rabinsa kananzir ne. Ruwan da ke fita yana isa fangulan kusa da na tsakiya da ƙyar, ya mutu a hanya. Na ƙarshe, na Audi da gidaje shida da ke maƙwabtaka da shi, ƙasarsu ta fara tsagewa, ganyen ya fara naɗewa da rana.

Nan Irmiya ya zauna a ƙasa, mutum mai shekara hamsin da biyu, ya gaya wa Audi komai, har da randa, har da zane. Ya so a zage shi. Da Audi ya ɗaga murya ko ya juya masa baya, da ya ji sauƙi. Audi ya saurara har ƙarshe yana murza wani busasshen ganye a hannu.

Ya ce, “Injiniya, abin da anka yi an yi. Kai ka yi ma baƙuwarka jinya awa yadda kas sani. Ni ban ga laihinka ba. Amma shinkahwag ga, in ba ta sha ba kahin Asabar, sai mu kira Hulani su sa shanu.”

Wannan rashin zagin shi ya karya Irmiya. Tun daga ranar ba ya cin abinci sai an tsaya a kansa. Yana zama gaban akwatin a buɗe, yana danna maɓallin da ya san ba zai amsa ba. Ya aika saƙo Kano da Kaduna da Jos ta bakin direbobin haya, ko akwai wata 'yar'uwar marigayiya da za a ara ko na awa ɗaya. Har zuwa rubuta wannan sanarwa ba amsa, kuma ko an samu, da shingayen sojoji da rashin mai, ba mai tabbacin ta iso kafin Asabar. Tsoro ne ya cika gidan, ba a ɓoye ba. Gidaje bakwai za su shiga damina ba abinci ba iri, saboda zane ɗaya da aka jiƙa da kyakkyawar niyya.

Marigayiyar ta rasu ta bar wutsiyarta, lafiyayya, ba ta da wurin soka kai. Ta bar akwatinta da tawul ɗinta. Ta bar littafinta, wanda yanzu aka san yana buɗuwa. Ta bar ɗan'uwanta na ƙetaren gada da jar fitila a goshi, da tirelar Alhaji Maigandi da sauran marayu masu ƙwaƙwalwa da ke layin mai ba su ji labari ba tukuna. Ta bar makanikai uku da ake roƙonsu su zo ta'aziyya da fuskar kirki. Ta bar Irmiya, wanda ya roƙa a daina ce masa Injiniya har sai abin da hali ya yi, da Rifkatu, wadda ba ta iya ɗiban ruwa a randar nan sai ta kau da kai. Gafiyar ma tana nan da ranta, an gan ta jiya.

Game da jana'iza, iyalai sun tsayar da ranar Alhamis, goma ga wata, a fadamar Rima, ƙetaren gada, daidai wurin injin. Za a fara da zarar gari ya waye, kafin rana ta yi ƙarfi, a huta da azahar, a koma da la'asar. Ba za a yi zaman makoki a gida ba. Ba a bukatar goro, ba a bukatar kujeru, kada zumuntar mata ta wahalar da kanta da dafa komai, kada kowa ya sa kayan ado.

Abin da ake roƙo ɗaya ne: duk mai zuwa ya zo da bokiti. Wanda ba shi da bokiti ya zo da daro, ko garwa, ko tulu, ko ƙwarya babba. Audi ya auna da ƙafarsa, daga bakin kogi zuwa fangalinsa na ƙarshe taki ɗari uku da sittin ne. In mutum ya tsaya a kowane taki biyu yana miƙa wa na gaba, ana neman mutum ɗari da tamanin. Gidajen manoma, da maza da mata da tsofaffin da ke iya tsayuwa, sun ba da sittin da ɗaya. Sauran ake nema. Tsofaffin fadama sun kafa jigo biyu a bakin ruwa don cika bokitai, amma jigo ba ya tafiya, sai da hannun mutane.

Don haka ana roƙon a karanta wannan takarda a taron addu'ar Laraba, a liƙa ta a ƙofar gareji da tashar manyan motoci, liman ya taimaka ya faɗa bayan salla. Duk direban da Baturiya ta taɓa hana a sauke masa inji, duk wanda ya taɓa tsayawa a garejin nan ya yi tsit yana jiran ta yi magana, duk wanda ya taɓa cin shinkafar fadama a gidan biki, ana roƙonsa don girman Allah ya zo. Ba a tambayar addini a layin, ba a tambayar unguwa. In Alhamis ba ta isa ba za a koma Juma'a. Bayan Juma'a ba sauran abin da za a koma.

Gawar za ta kasance cikin akwatinta, a kan injin, a inuwa, nesa da ruwa. Mai son yi mata ban kwana ya yi daga inda yake tsaye, da bokiti a hannunsa. Irmiya ya ce ba za a rufe murfin ba sai ruwa ya kwanta a fangalin Audi na ƙarshe. Shi zai tsaya a can ƙarshen layi, yana zubawa da hannunsa, da daron nan da aka jiƙa zanen a ciki, kuma ya roƙa kada kowa ya ce zai karɓe shi ya huta.

Allah ya ba mu haƙurin rashinta, ya kawo mana hannaye ɗari da goma sha tara.

Mai sanarwa, a madadin maigidanta da hannunsa ya kasa riƙe biro:
Rifkatu Irmiya, Tudun Wada, Sakkwato. Za a same ta a tsaye kusa da shi, ita ce mai miƙa masa.